Yadda Aka Ari Hannun Abdulhafiz

Duk wanda ya ce maka ƙanena Abdulhafiz ya ci amanar Baba Akinola mai hoto, ka turo min shi shagona a Samaru. Ni ce Bilkisu mai fotokofi da bayindin, ɗalibai sun san ni, ba a ɓatan hanyar wurina. Zan ba shi benci ya zauna, in sayo masa ruwa mai sanyi, sannan in wanke shi tas. Shi Abdulhafiz ba zai kare kansa ba. Haka Allah ya yi shi tun yana ƙarami, maganar da ya kamata ya faɗa da ƙarfi ita yake haɗiyewa. To ni ba a ɗinke min baki ba. Abu ɗaya bawan Allahn nan ya tara a duniya, sunansa na mutumin da za ka ba ajiya ka koma gida ka yi barci har da munshari, kuma a gaban idona aka raba shi da sunan.

A Hayin Dogo aka haife mu. Babanmu direban motar ma'aikata ne, Innarmu tana tuyar waina a gida. Tun Abdulhafiz yana firamare babu agogon bango ko tocila da ta tsira a gidanmu, sai ya kwance ya ga cikinta. Ya sha duka a kan rediyon Babanmu. Amma ranar da ya mayar da ita ta kama tasha fiye da da, sai ga Baban namu yana yawo da labarin a majalisa kamar shi ya koya masa. Ya yi difloma a kan kwamfuta, ya yi aiki a wani kafen intanet zamanin da ɗalibai suke bin layi don kawai su duba saƙo, daga baya ya kama ɗan shago a jikin nawa. Bango ɗaya ya raba mu, janareta ɗaya muke ja. Kullum ni ce mai masifa a kan wanda ya bar fanka a kunne, shi dai murmushi.

Yana da wasu ɗabi'u biyu a aiki da kowa ya san shi da su. Ta farko, ba ya buɗe kayan mutum. Ki kawo masa laftof ɗinki da hotunanki da sirrinki duka a ciki, zai gyara abin da ya lalace ya miƙo miki bai san me kika ajiye ba. Shi ya sa ɗalibai mata suke wuce shagunan da ke bakin titi su shigo lungunmu. Na taɓa ce masa, "Kai ko ɗan gulmar nan ba ka sha'awa?" Ya ce, "Yaya, in na gani ya zama kaya a kaina."

Ta biyu, idan aiki ya kai ga fomatin, wato a share duk abin da ke cikin na'ura a ɗora sabuwar manhaja, to ba ya danna maɓallin ƙarshe da hannunsa. Sai ya juya allon wajen mai kaya, ya tambaye shi ko tasa ce, ya tambaye shi ko akwai abin da yake so a ciki, sannan ya ce ya danna da yatsansa. Farfesa ne, ɗan aji ɗaya ne, duk ɗaya a wurinsa. Wani lakcara ya taɓa hasala, ya ce ba shi da lokacin wasan yara, ya bar kwamfutarsa ya yi gaba. Da ya dawo ya same ta yadda ya bar ta, tana jiran yatsansa. Ya yi ta bambami, ƙarshe dai ya danna.

Shi kuwa Baba Akinola, tun kafin a haife mu yake ɗaukar hoto a Sabon Gari. Bayarabe ne, amma Hausar bakinsa ta fi ta wasu da na sani. Babu gidan da bai shiga da kyamararsa ba: auren coci, saukar Alƙur'ani, ma'aikatan jirgin ƙasa da kakinsu, 'yan ƙwallon unguwa, jarirai ranar suna, tsofaffin da aka zaunar a kujera aka ce kada su motsa. Kuma ba ya yar da fim. Duk hoton da ya wanke ya ba mai shi, fim ɗin yana nan a gwangwanayen madara da kwalayen takalma a ɗakin baya. Mutum zai zo bayan shekara talatin ya ce gobara ta cinye hoton mahaifiyarsa, Baba ya shiga ɗakin nan ya fito da ita.

Wata damina rufin ɗakin ya yi yoyo ba a lura da wuri ba. Fina-finan suka fara manne wa juna suna wani irin warin tsami. A lokacin ne wani ya haɗa Baba da Abdulhafiz. Ƙanena ya samo masa wata babbar kwamfuta ta gwanjo, irin wadda suke kira saba, mai kama da akwatin ƙarfe mai faɗi, mai ƙugi kamar injin markaɗe idan ta tashi. Shekaru suka yi, duk Asabar da Lahadi bayan Baba ya dawo coci, suna saka fim ɗaya bayan ɗaya a sikana mai kwafe hoto zuwa cikin kwamfuta, Baba yana faɗin sunan mai hoto da unguwarsa, Abdulhafiz yana shigarwa. Na yi mita har na gaji. Na ce masa, "Kai ka zama ɗan Sabon Gari ne? Mu ma muna da ƙarshen mako." Ya ce ba zan gane ba sai na ga fuskar mutum idan aka nuna masa ubansa yana saurayi.

Da suka gama, fina-finan asali sun riga sun ruɓe, aka kwashe aka zubar. Sabar nan ta zama ita kaɗai ce gidan hotunan. Abdulhafiz ya sha ce wa Baba a yi wani kwafi a ajiye a wani gida daban. Baba ya ce ba kai ka ce faifayen cikinta biyu-biyu ne, kowane yana riƙe da abin da ke cikin ɗan'uwansa ba? Ya ce haka ne, amma duk a akwati ɗaya suke. Baba ya ce to a bari sai an ga hali. Tsoho da taurin kai, maganar ta tsaya nan.

Yanzu bari in kawo ka kan Nasir, ko da yake ambaton sunansa ma ɓata min rai yake. Abokin Abdulhafiz ne tun na makarantar allo. A gidanmu ya girma, kwano ɗaya suke ci, wainar Inna kuwa ya ci ta fi a ƙirga. Ni "Yaya Bilkisu" yake ce min har da rusunawa. Yana da baki, wannan kam Allah ya ba shi. Ya sayar da waya, ya yi kiwon kaji, ya yi dillancin filaye, ko wanne da ɗoki yake farawa ya bar shi a hanya. Da ya ce zai buɗe wurin buga takardu, Abdulhafiz ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban Baba, ya roƙa masa ɗakin bayan nan da aka gyara. Baba ya ce, "In dai kai ka kawo shi, ya shiga." A kusurwar ɗakin nan sabar take zaune.

Akwai wani abu game da irin waɗannan na'urori da sai da aka yi min bayani sau da yawa kafin ya zauna min. Masu ƙera su sun dasa wata 'yar ƙaramar kwamfuta a cikin cikinsu, tana da nata ramin waya a baya, kuma ba ta barci. Ko an kashe sabar, muddin akwai wuta a jikinta, ita tana farke. Wanda duk yake da adireshinta da kalmar sirrinta, daga inda yake zai iya kunna na'urar, ya kashe ta, ya ga allonta kamar yana tsaye a gabanta, har ya share ta ya ɗora mata sabuwar babbar manhaja, wato wadda take tafiyar da komai. Abdulhafiz yana son abin nan kamar me. Idan wuta ta yi wasa sabar Baba ta tsaya, ba sai ya hau mota har Sabon Gari ba. Kuma saboda wani lokaci layin intanet ɗin ma yakan yanke, sai ya nuna wa Nasir yadda ake shiga, ya ba shi kalmar sirrin, don ya riƙa tayar da ita tunda yana kusa. Da hannunsa ya koya masa.

Bara, abu biyu suka haɗu. Idon Baba ya yi yana har ba ya gane fuskar mutum sai ya ji murya, 'yarsa Oyindamola ta zo ta tafi da shi Ibadan a yi masa aiki. Ya bar makullan shago a hannun Nasir. Bai daɗe da tafiya ba wani mai Keke mai ƙafa uku ya kwashe acaɓan da Abdulhafiz yake kai a Kwangila. Ƙafar dama ta karye a ƙauri. Aka yi ɗori, aka ce ya kwanta kada ya taka. Mutumin da bai saba zama ba, sai ga shi a katifa yana ƙirga azarar rufi. Ya rame, ya yi shiru, abin ya dame ni.

Ran nan bayan azahar na kai masa abinci gida, ina nan sai ga sallamar Nasir. Ya shigo da kankana a leda da laftof a hammata, yana ta "Sannu abokina, Allah ya ƙara sauƙi, wallahi ban iya barci saboda kai." Ya zauna a bakin katifa. Bayan gaisuwa ya sauke abin da ya kawo shi. Wai zai buɗe cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, masu duba cibiyoyi suna tafe, kuma sharaɗinsu sai an ga saba tana aiki. Ya ce ya sayo ta gwanjo daga Legas, ya ajiye ta a wani gini da ya kama a Dogarawa, ya jona mata wuta da intanet, amma ɗora mata manhaja ya gagare shi.

Abdulhafiz ya nuna ƙafarsa ya ce, "Ka gan ni dai."

Nasir ya ce, "Haba, kai da ka koya min ana yi daga nesa? Ga adireshin, ga kalmar sirrin. Kana kwance za ka gama."

Wallahi na ga fuskar ƙanena ta washe a karon farko tun da ya faɗi. Ya ce in tallafa masa da matashi. Da yake ƙafar ba ta son nauyi, ni na riƙe laftof ɗin a kan cinyata, na karkato masa shi. Ka ji ko? Ni na riƙe.

Ya shiga. Allon ya nuna sunan cibiyar Nasir ɓaro-ɓaro a sama, ashe munafukin ya riga ya canza sunan da kalmar sirrin da duk abin da zai sa a gane ta. Abdulhafiz ya duba lafiyar na'urar, fanka da zafi da faifaye, ya ce, "Kai, irin ta Baba ce sak."

Nasir ko gezau. Ya ce, "Ai shi ya sa na nemi irinta, tunda na ga ba ta ba da matsala. Mai kayan ya ce kwantena guda suka shigo da su."

Abdulhafiz ya ce, "Faifayen a cike suke. Akwai kaya a ciki."

"Tarkacen Turawan da suka yi amfani da ita ne. Ka san gwanjo."

Haka ne kuwa, ya sani. Na'urorin gwanjo sukan zo da takardun kamfanonin da suka yar da su, ya sha gani. Da wani ne, da son gulma kaɗai ya sa ya tayar da tsohuwar manhajar ya leƙa ya ga me Turawa suka bari. Da ya leƙa da fuskar farko da zai gani ta wani ɗan Sabon Gari ce. Amma Abdulhafiz ba ya leƙe. Har cewa ya yi, tunda kayan mutane ne, ko su waye, bai kamata a bar su yadda wani zai tono ba, zai yi amfani da gogewar da ke cikin na'urar, mai bi ta kan faifai gaba ɗaya ta bar shi fes yadda ko gwani ba zai dawo da komai ba. Nasir ya ce, "Yadda ka ga ya dace, ai kai ne malamin."

Da allon ya kawo gargaɗin ƙarshe, Abdulhafiz ya janye hannunsa kamar yadda ya saba. Ya ce in juya laftof ɗin wajen Nasir.

Ya ce, "Nasir, taka ce?"

"Tawa ce."

"Babu abin da kake so a ciki?"

"Wallahi babu."

"To danna."

Nasir ya yi bisimilla. Na rantse da Allah da kunnena na ji, bisimilla ya yi ya danna.

Sauran aikin ya ɗauki yinin. Gogewar ta yi ta tafiya, wani layi yana cika a hankali. Da ta gama Abdulhafiz ya haɗa faifayen sabo, ya jona kwafin faifan manhajar daga laftof ɗin kamar ya zura shi da hannu, ya zaɓi harshe da lokaci, ya bar ta tana ɗorawa. Na'urar ta kashe kanta ta tashi, muna kallo daga Hayin Dogo. Yana ta jin daɗi. Ya ce, "Yaya, kin ga ikon Allah? Ina kwance a nan ina aiki a Dogarawa." Shi kuwa Nasir ya buɗe kular da na kawo wa majinyaci, ya ci shinkafa da wake har da neman ƙarin yaji, na tashi na ɗebo masa. Duk lokacin da na tuna yajin nan sai in ji kamar in mari kaina.

Baba ya dawo bayan wasu makonni, ido ya buɗe tar. Oyindamola ta faɗa min daga baya cewa tun a mota yake cewa abin da zai fara yi shi ne ya zauna ya kalli hotunan nan da idon da zai gan su sosai, don lokacin da ake saka su a sikana ma da ƙyar yake gani. Da suka tarar babu hoto ko ɗaya a sabar, ita ce ta kira Abdulhafiz a waya. Ina shagona na ji ta bango yana cewa, "Wace saba? A'a, ta Dogarawa na yi wa aiki." Na leƙa na gan shi tsaye a kan sanda, wayar a kunne, bakinsa a buɗe.

Muka ɗauki shatar Keke har Sabon Gari. Da muka shiga ɗakin bayan, an fasa bango an haɗe shi da shagon maƙwabta, an jera kwamfutoci a kan tebura, wayoyi duk sun taru sun nufi kusurwa ɗaya. Sabar Baba tana nan inda Abdulhafiz ya ajiye ta da hannunsa shekarun baya, ko matsar da ita ba a yi ba. Babu wata saba a Dogarawa, ba a taɓa yin ta ba.

Ya zauna a ƙasa da ƙafarsa a miƙe, ya jona allo, ya yi ta nema. Ya gwada wannan ya gwada wancan, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Shi da kansa ya san babu, ai shi ya zaɓi gogewar da ba ta barin komai. Amma ya ci gaba har Baba ya ce, "Ya isa."

Nasir yana tsaye a bakin ƙofa da hannu a aljihu. Ashe tun kafin mu iso ya gama shirya nasa labarin. Ya ce wa Baba wai Abdulhafiz ne ya ce faifayen sun fara mutuwa, sai an share an sake, kuma shi ya ɗauka akwai kwafi a Samaru. A gabanmu ya maimaita, ko kunya. Ya ce, "Ai kai ka shiga, kai ka zaɓi irin gogewar. Ni ina na san kan wannan abin?"

Na ce, "La'ilaha illallahu! Nasir, ni fa na riƙe laftof ɗin! Ba kai ka ce daga Legas ka sayo ba? Ba kai ka ce tana Dogarawa ba? Ba kai ka rantse ba, ɗan banza maci amana?"

Ya ce, "Yaya Bilkisu, ke ai dole ki bi bayan ƙanenki."

Da Oyindamola ba ta riƙe ni ba, da ranar an kai ni ofishin 'yan sanda, kuma da ban yi nadama ba.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya dubi Abdulhafiz da ke ƙasa ya ce, "Ɗana, kai ka goge?"

Ya ce, "Ni ne, Baba."

"Ka duba abin da ke ciki kafin ka goge?"

"Ban duba ba."

Na jira ya ƙara ko da kalma ɗaya, ya ce yaudarata aka yi, ya ce ba yatsana ba ne. Bai ƙara ba. Baba ya cire sabon gilashinsa ya ninke ya sa a aljihun riga, ya juya ya koma gaban shago.

Ban haƙura ba. Bayan kwana biyu na koma ni kaɗai, na sami Baba a kan kujerarsa, na zayyana masa komai tun daga kankana har bisimilla. Ya saurare ni har na ƙare. Ya ce, "'Yata, na yarda da ke. Na san Nasir ƙarya yake, na ce ya kwashe kayansa ya bar min gida. Amma ni ba Nasir na ba ajiya ba. Ban san shi ba, ban san gidansu ba. Wa ya kawo min shi? Wa ya ba shi mabuɗin na'urar?" Ya ce shekara da shekaru Abdulhafiz yana kula da na'urar nan, ya ga ta yi kama da ita, ya ga a cike take, kuma ya kasa leƙawa sau ɗaya. Na ce ai rashin leƙen nan ne ya sa kowa ya yarda da shi. Ya ce ya sani, shi ma shi ya sa ya yarda da shi.

Nasir ya kwashe kwamfutocinsa ya koma Jushi. Kafin Baba ya dawo ashe masu dubawa sun riga sun zo sun gani sun amince, abin da yake buƙata ke nan. Ya samo wata sabar, ya kafa ƙaton allo da sunansa, yanzu har ana ce masa Darakta. Ran sallah ya turo wa Abdulhafiz saƙon barka. Ni na ga saƙon, na ce Allah ya isa, kuma har gobe ban janye ba.

A Samaru kuwa magana ta zaga ta dawo a karkace. Wai Abdulhafiz ya haɗa baki da abokinsa sun share wa tsoho dukiyarsa yana gadon asibiti. Waɗanda suke kawo masa aiki daga ofisoshi suka ja baya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya faɗa masa dalili. Ɗaliban da a da suke ajiye laftof su tafi lakca, yanzu tsayawa suke a kansa har ya gama. Wata ma na ji tana ce wa ƙawarta, "Ki cire hotunanki tukuna, kin san labarinsa." Na fito zan yi mata tatas, ya ɗaga min hannu ya ce in bar ta, tana da gaskiya ta kiyaye kayanta.

Baba bai kai ƙara ba, bai zage shi ba, bai sake kiransa ba. Abu ɗaya yake yi. Duk wanda ya zo neman tsohon hoto, sai ya ce masa ya hau mota ya je Samaru, lungun masu fotokofi, ya tambayi Abdulhafiz. Suna zuwa kuwa. Na ce wa Abdulhafiz ya riƙa shigewa shagona idan ya hango su, ni zan sallame su. Ya ƙi.

Ta baya-bayan nan wata mata ce, Madam Nkechinyere, malamar asibiti da ta yi ritaya, daga Fatakwal ta zo bikin wasu 'yan'uwa ta ce bari ta biya. A Sabon Gari aka haife ta. Ta tsaya a ƙofar shagonsa da jaka a hannu, da 'yar Hausarta da ba ta manta ba, ta ce Baba mai hoto ya ce a nan za ta sami hoton mahaifiyarta. Ta ce tana ƙarama uwar ta rasu, hoto ɗaya aka taɓa yi mata, nasu kwafin ya ɓace a ƙaura, ita yanzu ko fuskar ba ta iya kawowa a ranta.

Abdulhafiz ya tashi da ɗingishinsa ya ba ta kujerarsa. Ya tambayi sunan uwar da layin da suka zauna. Da ta faɗa sai ya ce, "Tana zaune a kujerar katako, da jaririya a cinya. Ɗankwalinta babba ne, ta ɗaura shi ya karkata hagu. Akwai keken ɗinki a bayanta."

Matar ta dafe ƙirji. Ta ce, "Keken ɗinki! Eh, tela ce! Ni ce jaririyar!" Tana dariya hawaye yana zuba, ta juyo tana ce min, "Kin ji? Ya san ta!" Ta buɗe jaka tana cewa a wanke mata manya guda uku, ɗaya nata, biyu na 'ya'yanta, ko nawa ne, kuma za ta jira ko zuwa yamma ne.

Ina tsaye a bakin ƙofa ina roƙon Allah a raina ya sa ya ambaci sunan Nasir, ko sau ɗaya, ko don matar nan ta san inda za ta kai kukanta.

Ya ce, "Madam, ki yi haƙuri. Babu shi. Ni na goge shi."

Ta dube shi kamar ba ta ji Hausar ba. Ta ce, "Amma yanzu ka faɗa min yadda take."

Ya ce, "Na gan ta sau ɗaya, lokacin da nake saka fim ɗin."

Ta daɗe a zaune da jakar a buɗe a kan cinyarta. Sannan ta matso da kujerar kusa da shi, ta ce, "To faɗa min fuskarta."

Ya rufe ido, ya yi ƙoƙari, na ga yana yi. Ya tuna ɗankwalin, ya tuna keken, har tabarmar da ke ƙasa ya tuna. Ya buɗe ido ya ce mata fuskar ba ta zo masa ba.